Kafin Ka Biya Kuɗin Inji, Tambayi Makullinsa



Aikina wutar mota ne a Zongon Lome, kuma akwai wata asara da nake ganin tana maimaita kanta a garejojinmu, musamman in damina ta kankama, kogin Zio ya cika ya malalo ta wajen Togblekope, motoci suka shaƙi ruwa injuna suka sandare. Mutum ya tara kuɗi da ƙyar ya sayo inji mai lafiya. Makaniki ya ɗaura shi tsaf, a zuba mai, a sa batir, a murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi tashi. Daga nan sai rigima. Mai mota ya ce makaniki bai iya aiki ba, makaniki ya ce mai shago ya sayar musu da mataccen inji, mai shago ya rantse cewa da kunnensa ya ji kukan injin kafin a sauke shi. A mafi yawan irin waɗannan da ake turo mini, injin lafiyarsa ƙalau. Tsarin hana sata ne ya kulle shi, wanda muke kira antidemaraj a nan, 'yan Najeriya kuma imobilaiza.

Ga yadda yake aiki. A cikin baƙar robar kan makulli akwai wata mitsitsiyar ƙwaya, ita ce cip. Ba ta amfani da batir. Batirin da ke cikin makullin na buɗe ƙofofi ne daga nesa. A bakin ramin da ake zura makulli akwai zobe mai nannaɗaɗɗiyar waya. Da ka murɗa, zoben zai ba ƙwayar wuta ta iska, ita kuma ta faɗi lambarta. Wani akwati ya karɓi lambar ya duba ko yana da ita a ajiye. In ta yi daidai, sai ya aika wa ƙwaƙwalwar inji, kalkilatar ke nan, da wata lambar sirri da su biyu kaɗai suka sani. Sai a lokacin ƙwaƙwalwar ke barin nozul su fesa mai, koyil ya ba fulogi wuta. Duk wannan kafin ka ƙifta ido. Mu a sana'a cewa muke yi an ɗaura musu aure tun daga masana'anta, makulli da akwati da ƙwaƙwalwa. Ka cire ɗaya ka kawo baƙo, sauran biyun ba za su amsa masa ba.

Ku lura da abin da babu shi a cikin wannan lissafi: ƙarfen injin kansa. Bulok, fistin, kan silinda, babu ɗayansu da ya san a wace mota yake zaune. Kullin yana cikin kayan wuta. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Masu ƙera motoci ba don su wahalar da mu suka kawo wannan tsari ba. Kamfanin General Motors ya fara sa wani sassauƙan nau'insa a motar Corvette ta 1986. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin motoci daga Oktoban 1998, Ostareliya ta biyo baya a 2001, Kanada a 2007. Wasu masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun wallafa bincike a 2016 da ya nuna cewa na'urar ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin ɗari. Amurka ce ba ta yi dokar tilastawa ba, kuma an ga sakamakon: motocin Hyundai da Kia da yawa da aka sayar a can tsakanin 2011 da 2021 ba su da shi, har samari suka mayar da satarsu wasan bidiyo a TikTok.

Me ya haɗa mu da wannan tarihi? Tashar jirgin ruwan Lome. Motocin da ke cika filayen sayar da kwance a bakin tasha, da injunan da ke fitowa daga kwantena, daga Beljiyam suke, da Jamus, da Faransa, da Amurka, da Kanada, wasu kuma ta Sharjah kusa da Dubai. Duk motar Turai da aka ƙera daga 1998 zuwa yau, ka ɗauka tana da kulli. Ta Amurka kuwa sai an duba. Zan ba da misali da Corolla, tunda ita ce tuwonmu ita ce miyarmu. Corollar Amurka ta 2003 da 2004 makullinta ƙarfe ne zalla, babu cip. Daga 2005 aka sa mata cip, aka kuma canza mata totur daga na igiya zuwa na wuta. Injin duk ɗaya ne, 1ZZ-FE, jikin motar ma kusan ɗaya. Mai shago zai ce maka "ai duk ɗaya ne, Alhaji", kuma ta fuskar ƙarfe bai yi ƙarya ba. Amma ƙwaƙwalwar wannan ba ta zama a gurbin waccan.

Akwatin da ke duba makulli shi ma ba wuri ɗaya yake zama ba, kuma wannan na rikita masu saye. A Peugeot 206 da 307 yana cikin BSI, akwatin fis na cikin mota mai kula da fitilu da waifa da ƙofofi. A Renault sunansa UCH. A Golf 4 yana cikin agogon dashbod, wato mitar da kake kallon gudu a kai. A Opel Astra G yana manne da zoben makulli a wuyan sitiyari. BMW na da EWS, daga baya CAS. A Mercedes irin su W203 da W211, ramin makullin kansa shi ne akwatin, kuma yana da hannu a kullin sitiyari. Toyota kuwa, a wasu motocin yana cikin ƙwaƙwalwar inji, a wasu kuma wani ɗan akwati ne da aka ɓoye can ƙuryar bayan dashbod, sai an kwance rabin gaban mota kafin a kai gare shi. Saboda haka in ka ce wa mai shago "ba ni akwatin antidemaraj" ba tare da ka san motar da injin ya fito ba, zai miƙo maka duk abin da hannunsa ya kai.

Alamun kullewa ma sun bambanta. Volkswagen takan tashi, ta yi daƙiƙa ɗaya ko biyu ta mutu. Toyota da Peugeot sukan yi ta juyawa babu tashi. Wasu BMW ko sitata ba za ta motsa ba. Ku duba dashbod: in fitila mai hoton makulli, ko ta mota da kwaɗo, ko jar fitilar tsaro ta ci gaba da ƙiftawa bayan an buɗe makulli, to a dakata. A daina tura mota, a daina zuba fetur a bakin totur, a daina canza famfon mai da koyil ɗaya bayan ɗaya. A nemo na'urar duba mota a soka. Toyota za ta nuna lamba irin B2799, Nissan daga P1610 zuwa P1615, Volkswagen P1570. Minti biyar ya isa a san inda ciwon yake. Na sha ganin an ƙona sitata an kashe batir sabo a kan motar da ko kwana za a yi ana murɗawa ba za ta tashi ba.

Yanzu ga inda maganar ta rabu biyu.

In injin da ka sayo irin na motarka ne sak, lamba ɗaya, zamani ɗaya, ba ka da buƙatar ƙwaƙwalwarsa ko kaɗan. Ka bar taka a inda take, ka bar wayarin motarka, ka bar makullinka. A cire wayar da ta zo a jikin sabon injin, a mayar da taka. In totur ko manifol ko wata sensa ta bambanta, a ɗauko ta tsohon injin a ɗaura. Motar ba za ta san an canza mata komai ba. Kuskuren da na fi gani shi ne na makanikin da ya ga inji ya zo da ƙwaƙwalwarsa a rataye, sai ya ce bari a sa ta tunda ita ta saba da shi. Da hannunsa ya kulle motar da ba ta da matsala. Wani lokaci ma kafin a kira ni an riga an ba mai shago tsohuwar ƙwaƙwalwar a matsayin cikon kuɗi. Kada ka yarda tsohon injinka da kayan wutarsa su bar gareji sai sabon ya tashi ka yi yawo da shi.

A injunan gazuwal na zamani akwai wani abu da ake ɗora wa antidemaraj laifinsa alhali ba ruwansa. Nozul na inji irin 2KD na Hilux da Hiace, ko 1.5 dCi na Renault, kowanne da lambarsa a rubuce a jiki, kuma sai an shigar wa ƙwaƙwalwa da lambobin. In ba a yi ba, inji zai iya tashi amma da kakkarwa da hayaƙi da ƙara. Wannan aikin na'ura ne na ɗan lokaci, ba dalilin yanke waya ba ne.

In kuwa injin daban ne, ka ɗauko na wata mota ko na wani zamani za ka sa a taka, to nan ne aikin yake. Ƙwaƙwalwar motarka ba za ta iya tafiyar da shi ba, dole sai tasa. Tasa kuma ba za ta buɗe baki ba sai ta ji muryar akwatinta, akwatin kuma sai ya ga makullinsa. Abin da za ka saya ke nan ya wuce inji: ƙwaƙwalwa, makulli mai cip, zobe, akwatin da ya dace da irin motar, da wayar inji cikakkiya wadda ba a datse ba, kuma dukkansu daga mota guda. Wannan "mota guda" shi ne ginshiƙin maganar. Ƙwaƙwalwa daga wannan tari, makulli daga wancan buhu, ko da lambobin jikinsu sun yi kama, ba su san juna ba. Masu kwance motoci a can ƙetare sauri suke yi, almakashi suke sa wa waya, makulli kuma sau da yawa ya tafi da gangar jikin motar zuwa injin matsewa. Shi ya sa rabin mota, wato gaban da aka yanko da dashbod da sitiyari a jiki, ya fi inji tsirara kwanciyar hankali duk da ya fi shi tsada. In rabin motar na Japan ne, ku tuna sitiyarinta a dama yake, wayar za ta ɓullo ta ɓangaren da ba naku ba, sai an yi mata ƙari.

Ko an samu kayan duka, da sauran aiki. Ƙwaƙwalwar sababbin motoci ba da makulli kaɗai take magana ba. Akwai wayoyi biyu murɗaɗɗu da ake kira CAN, waɗanda ta cikinsu take jin labarin gudun mota daga akwatin birki, ta aika wa agogo da zafin inji, ta yi shawara da giyabos. Ka sa ta a tsohuwar motar da ba ta da waɗannan, inji zai iya tashi, amma allurar zafi ta kwanta, fanka ta ƙi juyawa a kan lokaci, na'urar sanyi ta ƙi kamawa, ko inji ya ƙi wuce wani ƙarfi. Ana gyara wasu daga ciki, amma kuɗi ne da lokaci, kuma ya kamata a faɗa wa mai mota tun kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Wani bawan Allah mai tasi ya taɓa kawo mini tsohuwar Carina da aka ɗaura wa injin Avensis. Ya saye shi da ƙwaƙwalwa da waya, babu makulli babu akwati. Na ce masa, "Malam, ina makullin motar da injin ya fito?" Ya zaro na Carinarsa ya miƙo mini. Bai taɓa jin cewa inji na da makullin kansa ba, wanda ya raka shi sayayya ma bai faɗa masa ba. Da aka koma shagon, kwantenar ta daɗe da ƙarewa. Motar da yake ciyar da iyali da ita ta yi makonni a kan duwatsu kafin a samo wata ƙwaƙwalwar da makullinta, wato ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Shi nasa da sauƙi, shagon na cikin gari. Waɗanda na fi tausaya wa su ne baƙinmu na arewa. Tun da aka taso Zongo daga tsakiyar Lome a 1977 aka kawo shi nan bakin babbar hanyar arewa, unguwar ta zama masaukin fatake, ga kuma Terminal du Sahel kusa da mu inda manyan motoci ke taruwa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kayan Nijar da yawa sun koma bi ta Lome. Mutum ya sayi inji a nan, ya ɗora a tirela, a yi sama da kilomita 600 kafin ma a kai Cinkassé, a ratsa Burkina Faso, a isa Yamai ko Maradi ko Damagaram, sannan a gano makulli na Lome. Masu masauki, wannan amana ce a wuyanku. Baƙo ya yarda da ku ne ya ba ku kuɗinsa. Ku tafi da mai wutar mota wurin sayen, ya duba kayan, a ɗaure makullin da waya a jikin ƙwaƙwalwar, a sa su a kwali ɗaya da zobe da akwati.

Sai maganar hanyoyin yanke, don na san su ake jira in ambata.

Ta farko ita ce a ciro cip a manna shi a jikin zobe, ko a naɗe makullin tsohuwar motar da salatif a ɓoye a ƙarƙashin dashbod. Mota za ta tashi, amma daga ranar duk ƙarfen da ya iya juya ramin makulli ya zama makullinta. Ga zafin Lome da gargadar hanya, wata rana gam ya saki, cip ya faɗa inda ba a ganinsa, mota ta mutu a tsakiyar titi.

Ta biyu ita ce a buɗe ƙwaƙwalwa a goge mata kullin gaba ɗaya. Ba zan ce haramun ne a kowane hali ba. In sabon inji aka sa a tsohuwar motar da dama can ba ta da antidemaraj, mai ita kuma yana da takardunsa, goge kullin bai rage masa tsaron da yake da shi ba, kuma wani lokaci shi ne aikin da ya fi tsabta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a goge wa motar da tsarinta ke aiki lafiya, don kawai mai gyaran ba shi da na'urar haɗa makulli ko yana ƙyuyar koyo. Yawancin masu yin haka daga intanet suke kwaso bayanan da suke zubawa, ba su san daga wace mota suka fito ba. In aka zuba wanda bai dace ba, ƙwaƙwalwar ta mutu murus, ko ta tashi da shan mai da fitilar gargaɗi da ba ta mutuwa. Garin gyaran gira a rasa ido. Kuma wanda ya goge wa motarsa kulli, in ya tashi sayarwa ya faɗa wa mai saye. Ɓoyewa algus ne.

Ta uku, masu cire nozul da ƙwaƙwalwa su mayar da inji kafireto. Wannan ba na ɓata baki a kansa. Ka sayi injin zamani da tsada ka mayar da shi mai shan fetur da hayaƙi, in giyar mai canza kanta ce kuma ka rikita ta.

Hanyar gaskiya ita ce a haɗa su da na'ura, a sake ɗaura auren. A motoci da yawa ana iya yi, in akwai lambar sirrin motar. Peugeot da Citroën kan zo da ɗan kati mai haruffa huɗu a rufe, Opel na da nata katin, tsofaffin Fiat na da babban makulli mai launi daban wanda sai da shi ake ƙara wani. A Toyota da yawa, baƙin makulli shi ne babba, mai ruwan toka ƙarami ne, yana tayar da mota amma ba a yin rajistar sabo da shi. In ka sayi mota ka tarar da irin wannan kati a cikin takardu, ka adana shi tare da kart giriz, wato takardar rajistar mota. Kada a yi ta cinkar lamba, wasu akwatunan kan rufe kansu in an yi kuskure a jere. Sannan a sani, ƙwaƙwalwar Renault da Peugeot in ta karɓi lambar mota ɗaya ta riƙe ke nan, ba ta karɓar wata sai gwani ya wanke ta ta koma kamar sabuwa. Saboda haka aron sabuwar ƙwaƙwalwa daga shago "don a gwada kawai" na iya zama saye na dole.

Ga 'yan uwana makanikai da yaransu, kulli na iya rikicewa ko ba a canza komai ba. Kafin a cire kan batirin Peugeot mai BSI, a kashe komai a jira kamar minti uku akwatin ya yi barci. Kada a yi ta murɗa BMW da batir mai rauni, lambar da ke tsakanin akwati da ƙwaƙwalwa na iya saɓawa. Kada a yi walda a jikin mota batir na haɗe. Motar da ta sha ruwa kuma, a cire batir a busar da akwatunan wuta kafin a gwada tayarwa.

Akwai wata fuskar da ba ma son faɗa. Cikakken kaya, inji da ƙwaƙwalwa da makulli da akwati, cikin araha mai ban mamaki kuma babu takarda, yana iya zama gawar motar da aka sace aka yanka. Hukumar Interpol na da rumbun bayanan motocin sata na ƙasashe da yawa, kuma ƙwaƙwalwar motocin zamani na riƙe da lambar shasi ta motar da ta fito; duk wanda ya soka na'ura zai karanta. Ni duk wanda ya kawo mini mota ya ce makulli ya ɓace duka, ko a goge kulli, sai na ga kart giriz da katin shaidarsa. Wasu kan ji haushi, har su ce ko ɓarawo na ɗauke su. Ban ɗauki kowa ɓarawo ba, amma ranar da jandarma suka zo, sunan garejin da aka yi aikin za su fara tambaya. Ka karɓi rasit daga mai shago, a rubuta lambar injin a kai, da jerin abin da ya haɗo maka. In ka canza daga fetur zuwa gazuwal ko ka sa inji mai ƙarfi daban, ka tuna kart giriz na ɗauke da irin man mota da ƙarfinta. Ka je ofishin sufuri na DTRF ka ji abin da ya kamata a gyara, kafin masu duba lafiyar mota, wato bizit teknik, ko kamfanin inshora su tayar da maganar a lokacin da ba ka shirya ba.

Masu shagunan kayan kwance, ina roƙonku ku riƙa gaya wa masu yi muku lodi a ƙetare su daina datse waya, su ɗaure makulli a jikin ƙwaƙwalwa. Injin da ya zo cikakke ya fi saurin fita kuma ba ya dawo muku da rigima. Kai kuma mai mota, kafin ka ƙirga kuɗi ka sa makanikinka da mai wuta su zauna tare su amsa maka tambaya ɗaya: da ƙwaƙwalwar motata wannan injin zai yi aiki, ko da tasa? In suka ce da tasa, kada ka bar shagon sai makullin na hannunka.